Ɗana, Kafin Ka Murɗa Birkin Wuyan Nan

Ɗana, in Allah ya nufa tsohon babur ɗan Ingila ya shigo hannunka, ko ta gado ko ta ciniki, za ka tarar da wani baƙin dunƙule zaune a tsakiyar kansa, daidai inda wuya ya haɗu da firam, gaban tanki. Shi ne mamurɗin birkin wuya, wanda masu sayar da kayan gyara ke kira damfa. Aikinsa ya danne kan babur kada ya yi karkarwa ana cikin tafiya. Ina so mu yi magana a kansa tun kafin ka ɗauki sifana, domin duk kayansa ba su cika tafin hannu biyu ba, amma ran mahayi yana rataye da yadda aka fahimce su.

Zan kafa maganata a kan BSA Golden Flash, wanda ake kira A10, don shi ne na fi sani a cikin irinsu. Kamfanin BSA na unguwar Small Heath a Birmingham ya fito da shi kasuwa a 1950, Bert Hopwood ne ya tsara injinsa mai silinda biyu da girman cc 646, aka ci gaba da ƙera shi har farkon shekarun 1960. A wancan zamani mota ta fi ƙarfin ma'aikacin Ingila, saboda haka magidanta da yawa sukan ɗaura wa babur akwatin gefe mai taya ɗaya, su zuba iyali a ciki. Riƙe wannan a ranka. Babur mai akwatin gefe ba ya kwanciya a kwana, kansa kuma yakan yi rawa ko da a hankali ake tafiya, don haka mai shi yana da dalilin matse birkin wuya sosai. Kai da za ka hau shi a kan taya biyu, lissafinka daban ne.

Ƙirar abin ba ta da wuya. Daga mamurɗin nan doguwar sandar ƙarfe ta ratsa cikin bututun wuya ta ɓullo ƙasa. A can ƙasan akwai farantin ƙarfe mai kunne, an ɗaure kunnen a jikin firam, saboda haka ba ya motsi. Faifai na gugi, irin abin da ake yi wa takalmin birki, suna manne da shi, sai wani farantin da ke juyawa tare da kai, sai sifirin mai siffar tauraro. In ka murɗa dama, sandar ta ja su ta matse, kai ya yi nauyin juyawa. In ka murɗa hagu, su saki. Shi ke nan. Triumph da Norton na wancan lokaci, da BMW R60 na Jamus, da Honda CB77 na Japan, duk sun bi wannan hanya, sai dai jerin kayan ya ɗan bambanta.

To me ke sa kan babur rawa? Inda tayar gaba ke taɓa ƙasa yana ɗan bayan inda layin wuya zai sauka in an miƙe shi har ƙasa. Wannan 'yar tazara ce ke sa taya ta koma tsakiya da kanta duk sa'ad da dutse ko rami ya kauda ta. Wani lokaci sai ta dawo da ƙarfi ta zarce tsakiya, ta sake dawowa ta zarce ta ɗaya gefen, abin ya yi ta ƙaruwa har hannun babur ya riƙa dukan tanki. A 1971 wani injiniya ɗan Ingila, Robin Sharp, ya zauna ya yi lissafin motsin babur, ya rarrabe cututtukan. Biyu daga cikinsu sun shafe mu. Akwai karkarwar kai, mai sauri ƙwarai, tana iya kai sau 8 a daƙiƙa guda, kuma gaba kaɗai take kamawa. Akwai kuma lilon jiki, wanda baya da gaba ke kaɗawa tare, sau 2 ko 3 a daƙiƙa, ya fi zuwa a kan babban gudu. Abin da bincikensa da na waɗanda suka biyo bayansa ya nuna, kuma nake so ka haddace, shi ne birkin wuya yana rage ta farko amma in ya yi yawa yana ƙara ta biyu. Wanda ya ji babur na lilo a kan gudu ya kai hannu ya ƙara matsewa, ya taimaki abin da zai kayar da shi.

Akwai kuma wani aibi da ke tattare da ƙirar gugi ita kanta. Abu biyu da aka matse sun fi gardama a lokacin da za su fara motsi, da zarar sun motsa sai su saki. Shi kuwa babur, abin da ke tsayar da shi a kan taya biyu shi ne 'yan ƙananan gyare-gyare da kai ke yi hagu da dama, waɗanda ko mahayin bai san ana yi ba. In ka matse birkin wuya, waɗannan ƙananan motsi su ne farkon abin da ka hana. Sai ka ga babur yana yawo a titi, ka so ya bi nan ya ƙi, ka ƙara ƙarfi ya fizge ya wuce inda kake so. A cikin gari, tsakanin masu Keke Napep da masu tura baro, wannan kaɗai ya isa ya kai mutum asibiti.

Yanzu ga zuciyar nasihata. Babur lafiyayye mai taya biyu yana tafiya daidai ko da an sassauta birkin wuyansa gaba ɗaya. In naka ba ya tafiya sai an matse, akwai cuta a wani wuri, matsewar kuwa tamkar mai zazzaɓin cizon sauro ne ya sha maganin ciwon kai: jiki ya yi sanyi, cuta na nan tana cin jini. Saboda haka gyaran birkin wuya ba daga birkin wuya yake farawa ba.

Ɗora babur a kan jakinsa na tsakiya, ka sa katako ƙarƙashin inji har tayar gaba ta bar ƙasa. Warware mamurɗin har ƙarshe. Kama hannun babur da yatsu biyu ka juya shi sannu daga wannan ƙarshe zuwa wancan. In ka ji ya ɗan maƙale a tsakiya, kamar ya faɗa wani gurbi, boris ɗin wuya ya mutu: ƙwallayen sun daddatsa kofinsu saboda shekaru suna shan dukan hanya a wuri ɗaya. Sai ka tsuguna a gaba ka kama ƙafafun fok biyu daga ƙasa, ka ja ka tura. In ka ji ƙwas-ƙwas, wuya ya yi sako-sako. Na sha ganin an matse birkin wuya don a kashe wannan ƙarar, alhali abin da ake bukata noti ne na saman wuya a daidaita shi. A waɗannan babura ƙwallayen boris a sake suke, ba a cikin keji ba, don haka ranar da za ka sauke wuya shimfiɗa tsohon zane a ƙasa, in ba haka ba za ka wuni kana tsintar su a cikin ƙasa. Kada ka gauraya tsofaffi da sababbi, kada kuma ka cika kofin maƙil, a bar musu ɗan sarari. In kofin ya daddatsu, canza shi tare da ƙwallayen. Akwai boris na zamani mai gangar ƙarfe da ake yi daidai wuyan A10, kuma ni ban ga laifin saka shi ba, tun da ba a ganinsa daga waje kuma ya fi jure duka.

Daga nan ka sauka kan tayoyi. Tayar da ta shekara goma a jingine cikin zaure, ko da zanenta bai goge ba, ta bushe ta yi tauri. Duba gefenta, akwai lamba huɗu a ƙarshen jerin rubutu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Iskar da tsohon littafin kamfani ya ce a sa, an rubuta ta ne don tayoyin wancan zamani, na yanzu sukan so fiye da haka, sai ka bi maganar wanda ya yi tayar. Juya wili ka kafa fensir kusa da bakinsa ka ga ko yana kaɗawa. Bi sifok ɗaya bayan ɗaya da sukudireba kana ƙwanƙwasawa, mai lafiya zai yi ƙara tangaran, wanda ya saki zai amsa a dushe. Duba man fok, ƙafa biyun su zama daidai. Koma baya ka kama tayar ka girgiza ta gefe da gefe, domin daga 1954 Golden Flash ya samu hannun baya mai lilo wanda ke zaune a kan bushin roba, roba kuwa ba ta shekara sittin da lafiya. A ƙarshe ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba ka tabbata suna kan layi ɗaya. Na san wannan aiki ya fi wanda ka zo yi yawa. Yi haƙuri ka yi shi.

Sai bayan haka za ka taɓa birkin wuya. Kafin ka kwance komai ɗauki hoto da wayarka daga ƙasa da gefe, duk abin da ka cire kuma ka zura shi a waya bi da bi yadda ya fito, fuskar da ke sama tana sama. Amma kada ka amince cewa yadda ka tarar haka kamfani ya jera. Hannaye da yawa sun riga naka shiga wurin. Nemi zanen kayan gyara na shekarar babur ɗinka, ana samunsa a intanet, ka gwada da abin da ke gabanka.

In sandar ta ci tsatsa ta ƙi juyawa, ɗiga mata kananzir ko man sassauta tsatsa daga sama da ƙasa, ka bar ta ta kwana. Mamurɗin nan da bekalait aka yi shi, tsohuwar robar da ba ta lanƙwasa, fashewa take yi. Wanda ya kama shi da filaya ya gama da shi, kuma na asali ba a tsintarsa a kasuwa.

Ga wani wuri da ake yawan ɓarna. Kusoshin babur ɗan Ingila na wancan zamani da inci aka auna su, sifanunsu ma daban ne, na Whitworth. Sifanar milimita da ke cike da garejinmu takan yi kamar ta shiga, sai ta cinye kafaɗun noti. Zaren kusa ma haka. BSA ya yi amfani ƙwarai da zaren da ake kira na keke, mai tsaga 26 a kowane inci. Kusa mai kaurin 5/16 na inci ta yi kusa ainun da ta milimita 8, har notin zamani mai ƙananan tsaga zai hau ya yi zagaye biyu ko uku lafiya lau kafin ya cije. Mai gaggawa sai ya ƙara ƙarfi, zaren da ya rayu tun kafin a haifi mahaifinsa ya tafi a minti guda. Duk notin da bai shiga da yatsu ba, ba nasa ba ne. In sandar ta lalace, kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya yanka maka sabuwa da zaren asali.

Faifan gugin da za ka ciro, yi hattara da su. Kayan birki na wancan zamani galibi da asbestos aka yi su, Ingila ba ta gama haramta shi ba sai 1999. Ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, cutar da take jawowa kuma sai bayan shekara ashirin ko talatin ko fiye take bayyana, lokacin da mutum ya manta ma ya taɓa riƙe abin. Kada ka goge su da samfefa, kada ka hure su da baki ko da iskar famfo, kada ka bar yaron shago ya yi. Jiƙa su da ruwa, ƙulle su a leda, ka yar inda yara ba sa tono. Ko ba don haka ba, da wuya su amfane ka, domin giris na boris ɗin ƙasa yana ɗiga musu shekara da shekaru, sun sha sun ƙoshi. Faifan da ya sha mai ba ya wankuwa, ko ka jiƙa shi a fetur zai sake fitar da shi in ya ji zafi.

Sababbi ana yin su har yau a Ingila don masu riƙon tsofaffin babura. In ba su samu ba, a yanka maka daga abin kuloci ko na birki marar asbestos, mai kauri daidai da na asali. Kada a ruɗe ka da robar tsohon tiyub ko gindin silifa ko kwali. Roba cafkewa take yi ta saki, ta sake cafkewa, kwali kuwa damina ɗaya ya ruɓe.

Farantan ƙarfen, shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashi ka riƙa goga su kana zagayawa har fuskarsu ta yi sumul ta ko'ina. Wanda ya lanƙwashe a canza shi, domin zai sa kai ya yi nauyi ta hagu ya yi sako ta dama. Mirgina sandar a kan gilashin ka ga ko ta karkace. Dubi sifirin tauraro: in ya baje ya zama kamar washa, ƙarfinsa ya ƙare, kuma da shi birkin zai zama ko a sake ko a ƙulle, babu tsaka-tsaki. Sannan ka tsaya a kan kunnen farantin da ke ɗaure a firam, don nan ne ido ya fi tsallakewa. Ramin kusarsa yakan cinye ya yi tsawo. In haka ta faru, kai zai yi ɗan motsi hagu da dama kafin birkin ya fara kamawa, alhali karkarwa a daidai wannan ɗan motsin take farawa. Ka ga kana ɗauke da nauyin birki, amma a wurin da ake bukatarsa babu shi. A cike ramin da walda a sake huda shi daidai kaurin kusar.

Wajen mayarwa, giris kaɗan a zaren sanda da ƙarƙashin mamurɗi, ka goge hannunka tas kafin ka taɓa faifai, su a bushe za su zauna. In akwai fil ko notin da ke hana kayan ƙasa zubewa, mayar da shi, kada wata rana ka sassauta a hanya su watse a kwalta. Tayar gaba tana sama har yanzu, gwada. A sake gaba ɗaya, in ka ɗan tura hannun babur ya kamata ya faɗi gefe da nauyin kansa, hagu da dama daidai. In bai faɗi ba, ko boris ya matsu, ko wayar birki da ta kuloci na riƙe shi, ko birkin wuyan bai saki duka ba. Sai ka riƙa murɗawa kaɗan-kaɗan, nauyin ya riƙa ƙaruwa a hankali. In kana da sikelin rataye irin na masu auna kaya, maƙala shi a ƙarshen hannu ka ja ta kowane gefe, lambar ta zo ɗaya. Lura kuma ko mamurɗin yana matse kansa ko yana warwarewa in ana juya kai, wannan alamar an jera wani abu ba daidai ba.

Wataƙila naka ba na gugi ba ne, na mai ne, irin wanda BMW ya saka wa R69S, da R90S na 1973 mai matakai uku. Wannan ƙirar ta fi hankali, domin ba ta hana ƙaramin motsi, sai kai ya fizga da sauri take turjewa. Cire shi ka ja ka tura da hannu. In ka ji wani wuri babu turjiya, mai ya tsiyaye iska ta shiga. Da yawansu a like aka yi su, ba a buɗewa, kuma wanda ya huda ya ɗura baƙin mai ya toshe da kusa bai yi gyara ba. Sayi sabo. In za ka ɗaura, tabbata kai yana kaiwa ƙarshen juyawarsa kafin sandar birkin ta ƙure, in ba haka ba ita za ta riƙa shan duka har ta karye ko ta cije.

Akwai maganar da ba ta sifana ba ce, kuma ba zan tsallake ta ba. Wata rana za ka so sayar da babur ɗin, ko wani ya kawo maka nasa gyara yana sauri. Hanya mafi sauƙi ita ce a matse mamurɗi, mai saye ya zagaya unguwa ya ji kai tsit, a ƙulla ciniki. Wannan algus ne, ɗana, kuma ya fi na mudu muni, domin wanda aka tauye wa hatsi zai koma gida da ƙafarsa. In ka san wuya ya mutu, faɗa. In mai babur ya ce ba shi da kuɗin boris yanzu, gaya masa gaskiyar abin da yake hawa, kada hannunka ya zama shi ya rufe masa ido. Mutumin nan zai goya matarsa ko ɗansa a baya.

Ranar gwaji, sa hular kwano, ka nemi miƙaƙƙiyar hanya da sassafe kafin ta cika, kai kaɗai, babu kaya. Fara da birkin wuya a sake. Hau gudu mataki-mataki, a kowane mataki ka saki totur ka ji abin da kai zai yi yayin da gudu ke sauka, hannayenka biyu suna wurinsu. In komai lafiya, ɗan taɓi kaɗan ya isa don hanya mai gargada ko doguwar tafiya, kuma tsayawa za ka yi ka murɗa, ba a kan gudu ba. Da ka shigo gari ko ka sauka kan yashi, sassauta. In karkarwa ta kama ka, kada ka damƙi birkin gaba, kada ka sandare hannu kana kokawa da ita. Matse tanki da gwiwoyi, sunkuyo gaba, ka rage totur sannu har ta lafa, sannan ka koma gida ka sake bincike daga wuya zuwa tayar baya. Ka sani kuma buhu ko akwatin da aka ɗaure can ƙarshen kariya yana ɗage nauyi daga tayar gaba, babur da ya tafi lafiya jiya yana iya rawa yau saboda shi kawai.

Bayan 'yan tafiye-tafiyen farko sake ɗaga gaban ka duba wuya, don sabon boris yakan zauna ya ɗan saki. Kowace shekara, in hunturu ya wuce, kwance kayan ƙasan ka share ƙurar da ta shiga tsakanin faifai da faranti. In kuma za ka jingine babur ya yi damina a ɗaki, warware mamurɗin har ƙarshe, don kada sifirin ya gaji a banza, faifai kuma su manne da ƙarfe.